Gwajin Tuƙi a Gaban VIO: Tambayoyi da Amsoshi Kan Kurakuran da Ke Kayar da Masu Neman Lasisi

Da yawa daga cikin waɗanda ke faɗuwa gwajin tuƙi sun iya jan mota. Abin da ke kayar da su ƙananan halaye ne da suka kwaso a titi, da kuma abubuwan da suka sani amma ba su nuna ba a lokacin da ake kallonsu. Ga tambayoyin da masu koyo suka fi yi, da amsoshinsu bisa tsarin Najeriya.

Wa ke yi wa mutum gwajin, kuma me zan tanada kafin ranar?

Hukumomi uku ke da hannu a lasisin tuƙi. Jami'an duba ababen hawa na jiha, wato VIO, su ke gwada ka a kan mota. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, wadda aka kafa a 1988 kuma ake ce wa jami'anta 'yan rod sefti, ita ke ɗaukar hoto da zanen yatsu ta buga katin. Hukumar tara kuɗin shiga ta jiha kuma ta wurinta ake biyan kuɗi da karɓar lasisin.

Kafin a kai ga gwaji sai mutum ya cika shekara 18, ya yi rajista da makarantar koyon tuƙi da FRSC ta amince da ita, ya kammala darussa 26 na horo, makarantar ta fitar masa da takardar shaida. Lambar da ke jikin wannan takarda da ita ake cike fom ɗin neman lasisi a intanet. A tsawon lokacin koyo akwai takardar izinin ɗan koyo, da jan harafin L a gaba da bayan mota, da direba mai lasisi a gefenka. Akwai kuma gwajin ido. Idan da tabarau kake gani, ka zo da shi, ka kuma sa shi lokacin tuƙi.

Yadda ake shirya filin gwaji da tsawon zagayen titi ya bambanta daga jiha zuwa jiha. Ka tambayi malaminka yadda ofishin da za ka je yake yi, in da hali ka je ka kalli gwajin wasu tun kafin ranarka.

Me mai gwaji yake dubawa a zahiri?

Abu uku: ko motar tana hannunka, ko kana ganin abin da ke kewaye da kai, da ko kana bin doka ba tare da an tuna maka ba. Na biyun ya fi kayar da mutane. Mai gwaji ba ya shiga zuciyarka, abin da idonsa ya gani shi yake rubutawa. Idan ka saci kallon madubi da wutsiyar ido kanka bai motsa ba, a wurinsa ba ka duba ba. Don haka duk wani dubawa ka yi shi a fili: kai ya juya, ido ya sauka a madubi, sannan hannu ya motsa.

Na daɗe ina tuƙi cikin gari, ai ba ni da matsala ko?

Kai ne ma ya kamata ka fi shiri. Wanda ya saba da cunkoson kasuwa ya koyi cusa kan mota a ƙaramar kafa, da danna hon maimakon birki, da riƙe sitiyari da hannu ɗaya, ɗayan yana kan giya ko a bakin taga. Ya saba sa mota firi a gangara don ya rage shan mai, ya saba ɗora ƙafa a kuloci ko ba ya canza giya. Duk waɗannan a gwaji kurakurai ne, kuma tun da sun zama jiki, mai su bai ma san yana yi ba. Maganinsu shi ne ka nemi malami ya zauna gefenka na wasu kwanaki, kada ya koya maka komai, ya riƙa faɗa maka kawai duk lokacin da ka yi ɗaya daga cikinsu.

Wace mota zan je da ita, kuma me zan duba a jikinta?

Wadda ka koya da ita. Kowace mota da inda kulocinta yake kamawa, da tsawon bayanta, da yadda birkinta yake ci. Aron motar ɗan'uwa da safiyar gwaji don ta fi kyau kuskure ne babba.

Mutanen da za su gwada ka aikinsu na yau da kullum duba lafiyar mota ne, saboda haka za su lura da abin da wani ba zai lura ba. Tun jajibiri ka tabbatar fitilun gaba, na birki, na ribas da sigina huɗu duk suna kamawa; hon da waifa suna aiki; madubai uku suna nan ba fashewa; bel na kujerun gaba yana maƙalewa; birkin hannu yana riƙe mota a hawa. A but a samu safaya mai iska, jak, abin kwance taya, abin kashe gobara da bai lalace ba, da alamar nan mai kusurwa uku da ake ajiyewa idan mota ta tsaya a hanya. Takardun mota da inshora su kasance ba su ƙare ba.

Ka dubi taya da kyau. Zanenta kada ya gaza zurfin milimita 1.6. A gefenta akwai lambobi huɗu da ke nuna lokacin da aka yi ta: 2322 na nufin mako na 23 a shekarar 2022. FRSC na ɗaukar taya ta ƙare bayan shekara 4 da yin ta, ko da zanen bai cinye ba. Ana iya ce maka ka buɗe bonet ka nuna inda ake duba baƙin mai, man birki da ruwan lagireto. Ka san su, ka kuma san cewa ba a buɗe murfin lagireto inji na da zafi.

Sutura tana da wani tasiri?

Ƙwarai. Silifas yana zamewa, bakinsa kuma yana iya shiga ƙarƙashin feda ya hana ka taka birki har ƙasa. Takalmi mai tsini ko mai kaurin ƙasa yana hana ƙafa jin inda kuloci ya kama. Ka sa sau-ciki mai siririn ƙasa. Hannun babbar riga yana sarƙewa da giya da sitiyari, gara kaftani ko a naɗe rigar a kafaɗa sosai. Ke kuma mai hijabi ko mayafi, ki gyara shi yadda ba zai tare miki gefen ido ba in kin waiwaya, ki kuma tattare ƙasansa kada ya sauka kan feda.

Na shiga mota, me zan fara yi?

Kada ka kai hannu ga mukulli. Tun daga nan aka fara ba ka maki.

Ka rufe ƙofa da kyau, ka gyara kujera: idan ka taka kuloci har ƙasa gwiwarka ta ɗan lanƙwashe, kada ta miƙe sambal. Ka jingina bayanka, ka miƙa hannu, wuyan hannunka ya sauka a saman sitiyari ba tare da kafaɗarka ta bar kujera ba. Tsakanin ƙirjinka da sitiyari a samu kamar santimita 25. Sai madubai: na ciki ya ɗauko gilashin baya gaba ɗaya, na gefe su nuna ɗan siririn jikin motarka, sauran duk titi. Sai bel, kuma idan mai gwaji bai ɗaura nasa ba ka ce masa cikin ladabi, “Yallaɓai, a taimaka a sa bel.” Wani da gangan yake bari ya ga ko za ka lura. Daga nan ka tabbatar birkin hannu a ɗage yake, giya tana firi, ka taka kuloci, sannan ka tayar. Wayarka ka kashe ta ko ka sa ta shiru tun a waje.

Me ya sa mota ke mutuwa ko ta yi tsalle in zan tashi?

Saboda an saki kuloci da sauri a daidai wurin da ya kamata a dakata. Kuloci shi ke haɗa inji da taya. Akwai wani wuri a tafiyar fedar inda faifan ya fara taɓa inji, nauyin motar ya fara hawa kansa. Idan ka wuce wurin da gudu, an ɗora wa inji nauyin mota gaba ɗaya a lokaci guda, sai ya shaƙe.

Yadda ake yi: kuloci har ƙasa, giya ɗaya, ka ɗan taɓa totur har allurar da ke nuna saurin juyin inji ta kai wajen 1,500. Ka ɗago ƙafar hagu a hankali, dugaduginka a ƙasa in tsawon ƙafarka ya ba da dama. Za ka ji ƙarar inji ta ɗan sauka, motar ta ɗan yi rawa. Nan za ka tsayar da ƙafarka. Ka duba madubi, ka waiwaya ta kafaɗar hagu, ka sa sigina, ka sauke birkin hannu. Motar za ta fara tafiya da kanta. Ka bar ƙafar a wurin na daƙiƙa biyu zuwa uku, sannan ka ƙarasa sakewa, ka ɗauke ƙafar daga kan fedar gaba ɗaya.

Wasu dalilan da ake mantawa da su: tashi da giya uku bisa kuskure, domin tana kusa da ɗaya, manta birkin hannu a ɗage, da kunna na'urar sanyi a ƙaramar mota, wadda ke ƙara wa inji nauyi a silo.

Idan ta mutu a tsakiyar gwaji, shi ke nan na faɗi?

Mutuwar mota sau ɗaya ba ta kai abin da mutane ke yi bayanta muni ba. Sai ka ga mutum ya rikice, ya murɗa mukulli mota na cikin giya ta yi tsalle, ko ya bar ta tana gangarawa baya. Ka taka birki, ka ɗaga birkin hannu, ka mayar da giya firi, ka tayar, ka sake duba madubi da kafaɗa kamar yanzu za ka fara tashi. Masu hon a bayanka ka ƙyale su.

Yaya ake tashi a hawa ba tare da mota ta koma baya ba?

Da birkin hannu. Masu gwanintar sauri tsakanin birki da totur su bar ta sai bayan sun karɓi lasisi. Ka ba da wuta fiye da ta shimfiɗaɗɗen wuri, kamar 2,000, ka ɗago kuloci har ka ga bonet ya ɗan ɗaga, bayan motar ya ɗan zauna. Wannan alama ce inji ya karɓi nauyin. Ka danna maɓallin birkin hannu ka sauke shi a hankali, kana ƙara totur kaɗan. Idan mota ta koma baya, ka sauke birkin da wuri ne. Idan ta mutu, wuta ta yi kaɗan ko kuloci ya wuce wurinsa. Idan ka ji ƙauri, ka daɗe ne kana riƙe mota da rabin kuloci da wuta mai yawa, faifan ne ke ƙonewa.

In an ce ka yi fakin a hawa ka fita: idan kan mota na kallon sama, ka bar ta a giya ɗaya, ka karkata tayoyin gaba zuwa hagu, nesa da dakalin titi. Idan tana kallon gangara, ka bar ta a ribas, tayoyi zuwa dama, wajen dakalin. Ko birkin ya saki, dakalin zai tare ta.

Ina duba madubi, me ya kawo waiwaye kuma?

Akwai wuri a gefen mota, daga ƙofar baya zuwa ɗan bayanta, da madubi ba ya nunawa. Babur ko adaidaita sahu yana iya shiga wurin ya ɓace ɓat, kuma a garuruwanmu nan ne suka fi zama. Don haka kafin tashi daga gefen titi, kafin canza layi, kafin shan kwana, da kafin buɗe ƙofa, ka juya kai ka dubi kafaɗar ɓangaren da za ka nufa. Kallo ne na ƙiftawar ido, kada ka daɗe har sitiyari ya bi kanka. Kwanar dama ta fi bukatar wannan, domin 'yan acaɓa sukan kutso ta tsakaninka da bakin titi a daidai lokacin da ka rage gudu.

Ko a miƙaƙƙiyar hanya ka riƙa leƙa madubin ciki duk bayan 'yan daƙiƙoƙi, da kuma duk lokacin da za ka taka birki.

Wane kuskure ake yi da sigina?

Sa ta a makare, wato lokacin da sitiyari ya riga ya fara juyawa. Tsarin shi ne madubi, sigina, sannan motsi. A cikin gari ka kunna ta kamar mita 30 kafin kwana. Amma idan akwai wata kwana ko ƙofar gidan mai kafin wadda za ka shiga, ka bari ka wuce ta tukuna, kada wanda ke jiran fitowa ya ɗauka wurinsa za ka shiga ya faɗo gabanka. Bayan canza layi ka tabbatar ta mutu, don ƙaramin juyi ba ya kashe ta da kansa.

Kunna sigina huɗu don nuna cewa za ka miƙe a mahaɗa al'ada ce ta titi, babu ita a doka. Fitilun nan na motar da ta zama haɗari ga wasu ne. Ka kuma san alamun hannu: miƙa hannu sambal ta taga na nufin za ka yi hagu, tafin hannu na kallon ƙasa ana ɗagawa ana saukewa na nufin za ka rage gudu.

Ribas tsakanin duro shi ya fi ba ni tsoro. Akwai dabara?

A filayen gwaji da dama ana jera duro ko sanduna a ce ka shiga tsakaninsu da baya. Abu huɗu za ka riƙe.

Na farko, gudu. Motar ta riƙa tafiya kamar tafiyar tsoho, ko ma ƙasa da haka. Totur ba shi da aiki a nan. Da kuloci kake sarrafa ta, ka ɗan ɗago ta motsa, ka ɗan danna ta lafa. Ƙafa a hankali, hannu da sauri.

Na biyu, ɓangaren da kake son bayan mota ya nufa, can za ka juya sitiyari. Masu koyo suna rikicewa ne don suna kallon bonet maimakon baya.

Na uku, kan mota yana fita waje. Idan bayan ya yi dama, kan zai share zuwa hagu. Duron da ake bugewa sau da yawa na gaba ne, wanda direba ya manta da shi yana can yana kallon baya. Ka riƙa raba ido: gilashin baya, madubin dama, madubin hagu, kusurwar gaba.

Na huɗu, wurin juyawa. Tayar baya ita ce ma'auni. Sai ta zo daidai da duron kusurwa sannan ka karya sitiyari gaba ɗaya. Idan ka karya da wuri, cikin motar zai goge duron. Idan ka makara, bayan zai nufi duron ɗaya ɓangaren. In ka ga abin ba zai yiwu ba, ka tsaya, ka ja gaba ka gyara. Gyara sau ɗaya ya fi kayar da duro nesa ba kusa ba. Kyamarar baya taimako ce kawai, kada ka kafa mata ido. Kuma kada ka buɗe ƙofa ka leƙo kai mota na tafiya.

Fakin a tsakanin motoci biyu a gefen titi fa?

Ka nemi wuri mai tsawon motarka da rabi. Ka sa siginar dama, ka tsaya kafaɗa da kafaɗa da motar gaba, tsakaninku rabin mita zuwa mita ɗaya, bayanku daidai. Ka sa ribas, ka duba ko'ina, ka karya sitiyari dama gaba ɗaya har motar ta karkace rabi, wato digiri 45. Ka miƙe taya ka ci gaba da baya har kan motarka ya wuce bayan ta gaba. Sai ka karya hagu gaba ɗaya har ka daidaita. Ka ƙare da kamar santimita 30 tsakaninka da dakalin titi. Idan taya ta bugi dakali, alama ce ka makara wajen karyawa hagu. Idan ka ƙare nesa da shi, alama ce ka karya da wuri.

In aka ce in juyo da mota a ƙuntataccen titi?

Madubi, siginar hagu, waiwaye. Ka tafi a hankali da sitiyari a hagu gaba ɗaya, ka tsaya kafin taya ta taɓa bakin titi. Ka duba hagu da dama, ka sa ribas da sitiyari a dama, ka tsaya kafin kwalbati, sannan ka fita. Sau uku ake so, amma idan titin ya yi ƙunci sau biyar ba laifi ba ne. Laifin shi ne motsawa ba dubawa.

Wa ke da hanya a shataletale?

Wanda ya riga ya shiga. Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun 1972, don haka motocin da ke cikin shataletale ta hagunka suke zuwa, su za ka bai wa hanya. Ka rage gudu tun da nisa, ka sauko giya biyu, ka dubi hagu. Idan babu kowa ka shiga ba sai ka tsaya ba. Tsayawa ba dalili ma kuskure ne, don na bayanka bai zata ba. Fita ta farko: layin dama, siginar dama tun daga nesa. Miƙewa: ba sigina wajen shiga, sai ka wuce fitar da ke kafin taka ka sa ta dama. Fita ta hagu ko komawa baya: layin ciki da siginar hagu, sannan ta dama in ka zo fita, tare da waiwaye. Idan fitarka ta wuce ka, ka sake zagayowa. Kada ka yanke gaban kowa, kada ka yi ribas.

Alamar STOP da danja, ina tarkon yake?

Alamar STOP mai kusurwa takwas tana nufin taya ta daina juyawa ɗungurungum, a bayan farin layi, ko da titin fayau yake. Rage gudu a silale a wuce faɗuwa ce. Alamar ba da hanya, mai kusurwa uku da kanta ke ƙasa, ita ce ba ta tilasta tsayawa idan hanya a buɗe take.

A danja, ruwan ɗorawa na nufin tsaya, sai dai idan ka yi kusa da layi har tsayawar za ta jawo haɗari. In kore ya kama, ka dubi hagu da dama kafin ka shiga, kuma kada ka shiga mahaɗa idan babu wurin fita a gabanka. Idan jami'i na ba da hannu, hannunsa ke gaba da fitila. Lokacin da kake jiran shan kwanar hagu, ka bar tayoyinka a miƙe. Idan a karkace suke aka buge ka ta baya, cikin motocin da ke tahowa za a tura ka. A layin tsallakawar masu ƙafa, wanda ya sa ƙafa a kai shi ke da hanya, ba a yi masa hon, ba a kuma tsayawa a kan layin.

Tafiya a hankali sosai ba ta fi aminci ba?

A'a. Wanda ke jan jiki da giya biyu a buɗaɗɗen titi yana nuna bai amince da kansa ba, yana kuma tilasta wa na baya su sha gabansa a inda bai dace ba. Iyakar gudun ƙaramar mota kilomita 50 ne a awa cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen hanya ta gudu, sai dai in allo ya nuna ƙasa da haka. Kusa da makaranta, kasuwa ko masallaci ka sauko ƙasa sosai. Giya ta bi gudu: a yawancin ƙananan motoci ta biyu takan kai wajen 30, ta uku zuwa 50, ta huɗu daga nan sama. Ka gama rage gudu da canza giya kafin kwana, kada ka shiga kwana da kuloci a ƙasa.

Batun tazara kuwa lissafi ne. A gudun 50, mota na cin kusan mita 14 a kowace daƙiƙa. Ka bar daƙiƙa biyu tsakaninka da na gaba: in ya wuce wata falwaya, ka ƙirga biyu kafin ka iso ta. A ruwan sama ko hazon hunturu ka ninka. Idan gudu ya ninku biyu, nisan da birki ke bukata ninkuwa huɗu yake yi. In kun tsaya a layi, ka tsaya inda kake hango tayoyin bayan motar gaba suna taɓa kwalta.

Yaya ake birkin gaggawa idan an bukata?

Hannu biyu a sitiyari, birki da ƙarfi, kuloci ya biyo baya kafin mota ta tsaya. Idan ka fara taka kuloci, ka raba mota da riƙon inji, sai ta ƙara nisa. A mota mai ABS, wato na'urar da ke hana taya kullewa in an taka birki da ƙarfi, za ka ji feda na rawa ƙarƙashin ƙafarka, aikinta ke nan, kada ka saki. Bayan ka tsaya, birkin hannu, firi, sannan ka duba kafaɗu biyu kafin ka tashi.

Mai otomatik yana da nasa kurakuran?

Yana da su. Ƙafar dama kaɗai ke aiki, ta hagu a ajiye. Mai amfani da ƙafa biyu, ranar da ya firgita duka fedojin zai taka. Ka taka birki kafin ka fitar da giya daga P (fakin), ka bari mota ta tsaya cak kafin ka koma R (ribas) daga D (tafiya gaba), kuma ka tuna tana silalewa da kanta da zarar ka ɗaga ƙafa.

Alamomin hanya, yaya zan riƙe su?

Ka fara da siffa. Da'ira mai jan baki hani ce. Da'ira shuɗiya umarni ce. Kusurwa uku mai jan baki gargaɗi ce. Mai kusurwa huɗu bayani ce. A kan kwalta, layi mai yanke-yanke ana iya tsallaka shi in hanya ta ba da dama, miƙaƙƙe ba a tsallakawa. Ba a shan gaban mota a kwana, kan gada, ƙoƙon tudu ko mahaɗa. Sauran suna cikin littafin dokokin hanya na FRSC, kuma daga cikinsa ake tambaya.

Idan ban fahimci umarnin mai gwaji ba, ko ya ce in yi abin da doka ta hana?

Ka tambaya tun da wuri: “Ranka ya daɗe, wannan kwanar ko ta gaba?” Idan Turancin bai zauna maka ba, ka faɗa tun kafin a tashi. In umarnin ya zo a makare, kada ka fizgi mota. Ka wuce, ka ce za ka juyo a inda ya dace. Ɓata hanya cikin aminci ba ya kai shan kwana da haɗari. Idan kuma an ce ka tsaya a inda allo ya hana, ko ka bi hannun da ba naka ba, ka nuna allon, ka nemi wuri na gaba. Kai ke riƙe da sitiyari, alhakin a kanka yake.

Game da fargaba, ka yi barci sosai, ka ci abinci mara nauyi, ka isa da wuri. Kada ka sha maganin mura mai sa barci, kada kuma ka sha wani abu da sunan ƙarin kuzari.

An ce min akwai mai fitar da lasisi ba tare da gwaji ba. In bi ta nan?

Kada ka bi. Lasisin gaskiya sai ka je da kanka an ɗauki hotonka da zanen yatsunka a cibiyar lasisi. Katin da aka kawo maka gida ba tare da wannan ba, sau da yawa na jabu ne. Ranar da aka duba lambarsa a na'ura ba a same ta ba, kuɗinka ya tafi, ga kuma laifi a kanka. Abin da ya fi wannan nauyi shi ne ran mutanen da za ka ɗauka da waɗanda za ka haɗu da su a hanya.

Bayan gwaji sai me?

Gwajin bai ƙare ba sai ka yi fakin, ka ɗaga birkin hannu, ka kashe mota, ka duba madubi kafin ka buɗe ƙofa. Idan ba ka ci ba, ka roƙi mai gwaji ya faɗa maka takamaimai inda ka gaza, ka koma wurin malaminka da wannan kafin ka sake neman rana. Idan ka ci, za a sa hannu a takardarka, ka je a ɗauki hoto da yatsu, a ba ka lasisin wucin gadi na kwana 60 kafin na dindindin ya fito, mai shekara 3 ko 5 gwargwadon wanda ka biya. Kafin ka bar wurin ka karanta abin da aka shigar: rubutun sunanka, ranar haihuwa, da ajin lasisin. Ajin A na babur ne, B na ƙananan motoci, kuma mai B ba shi da izinin jan babbar mota sai ya sake gwaji a kanta.